Gudu da Tsayawa: Sifiriyan na Kartaj da Kariyar Allah a Lokacin Tsanani

A farkon shekara ta 250 bayan haihuwar Almasihu, da tsanani ya auka wa ikilisiyar Kartaj, bishop ɗinta Sifiriyan ya sulale daga birnin ya ɓuya, ya kuma yi fiye da shekara guda ba a ga fuskarsa a taron masu bi ba. Shekara takwas bayan haka wani tsananin ya sake tasowa. A wannan karon manyan mutane daga cikin abokansa suka zo suka roƙe shi ya gudu, har suka yi masa tayin wuraren ɓuya, amma ya ƙi. Ranar 14 ga Satumba, 258, aka fille masa kai a gaban jama'arsa.

Mutumin ɗaya ne, bangaskiyarsa kuma ba ta sāke ba a tsakanin lokutan nan biyu. To, yaushe ne ya dogara ga kariyar Allah, sa'ad da ya gudu ko sa'ad da ya tsaya? In kuwa Allah ne ya kiyaye shi a 250, ina kiyayewar ta tafi a 258? Duk mai bin da ya taɓa kwana yana jin hayaniyar taro a bakin titi, yana shawara da zuciyarsa ko ya kwashe iyali ko ya zauna, ya san nauyin wannan tambaya. Za mu bi labarin Sifiriyan daki-daki, gama shaidar da ta rage game da shi tana da yawa: wasiƙu fiye da 80, nasa da na waɗanda suka rubuto masa, da littattafansa, da tarihin rayuwarsa wanda dikon ɗinsa Fontiyus ya rubuta, da kuma rahoton shari'ar da aka yi masa.

Kartaj da bishop ɗinta

Kufan Kartaj yana kusa da birnin Tunis na yau, a bakin Bahar Rum. A ƙarni na uku ita ce babban birnin lardin Afirka na Daular Roma, tana kuma cikin birane mafi girma na yammacin daular. Ikilisiyar wannan ƙasa ta san jini tun tana ƙarama. A shekara ta 180 an kashe Kirista 12 daga garin Sili a Kartaj, a 203 kuma aka jefa Farfetuwa da Felisita da abokansu ga namun daji a filin wasan birnin. Daga baya aka sami shekaru masu yawa na lafiya, ikilisiya ta yaɗu, har taron da aka yi a Kartaj a 256 ya tara bishop 87.

Sifiriyan ɗan gidan arziki ne, malamin fasahar magana, wanda ya riga ya manyanta kafin ya karɓi baftisma wajen shekara ta 246. Da ya tuba sai ya sayar da wani kashi na dukiyarsa ya raba wa matalauta. Bai fi shekara biyu ko uku cikin bangaskiya ba jama'a suka matsa aka naɗa shi bishop, ko da yake dattawan ikilisiya biyar sun ƙi amincewa, suna ganin sabon shiga ne. Wannan tsohuwar ƙiyayya ta jira lokacinta, lokacin kuwa bai yi nisa ba.

Dokar Desiyus

Desiyus ya hau gadon sarautar Roma a 249, daula tana cikin ruɗani. Gotawa suna matsa wa iyakar kogin Danub, Farisawa suna barazana daga gabas, sojoji kuma suna naɗa sarakuna suna tuɓewa. A tunanin Romawa, irin wannan masifa alama ce cewa alloli sun yi fushi. Saboda haka Desiyus ya ba da umarni kowane mazaunin daula ya miƙa hadaya ga alloli a gaban wakilan hukuma, ya zuba ruwan inabi, ya ɗanɗani naman hadayar, sa'an nan a ba shi takardar shaida. Fiye da 40 daga cikin takardun nan sun tsira a busasshiyar ƙasar Masar, ɗauke da ranakun watannin Yuni da Yuli na 250, da sa hannun waɗanda suka shaida.

Masana tarihi da yawa suna ganin Desiyus bai kafa dokar domin Kirista kaɗai ba. Duk da haka su ne ta fi kamawa, domin ga mai bin Almasihu, miƙa hadaya ga gunki musun Ubangiji ne. An fara da shugabanni. Fabiyan, bishop na Roma, ya mutu ranar 20 ga Janairu, 250. Babilas na Antakiya da Iskandar na Urushalima suka mutu a kurkuku. Aka ɗaure babban malamin nan Orijen aka azabtar da shi, bai kuma ƙara samun lafiya ba har rasuwarsa.

A Kartaj abin da ya faru ya fi azaba ciwo. Sifiriyan da kansa ya rubuta cewa masu bi da yawa ba su jira an kama su ba, da ƙafarsu suka garzaya wurin hadaya, har da magariba ta yi mahukunta suka ce a dawo gobe, mutane suna roƙo kada a jinkirta musu. Iyaye suka ɗauki jarirai zuwa bagadi. Waɗansu masu hali ba su yi hadayar ba, suka ba da kuɗi aka rubuta musu takarda kamar sun yi. Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Sifiriyan ya ɗora laifin a kan doguwar lafiyar da ta sa mutane suka sangarce, bai kuwa ƙyale 'yan'uwansa shugabanni ba, ya ce waɗansu bishop sun bar garkensu suna yawon kasuwanni suna cin riba. A ganinsa dukiya ce sarƙar da ta ɗaure ƙafafun mutane da yawa: sun kasa barin gonakinsu da gidajensu su tafi, suka gwammace su bar bangaskiyarsu su zauna.

Makiyayi ko ɗan ƙodago?

Shi kuwa Sifiriyan, taron jama'a sun yi ta ihu a filin wasa cewa a jefa shi ga zaki. Ya bar birnin, hukuma ta yi shelar ƙwace dukiyarsa. Nan da nan magana ta tashi. Dattawan ikilisiyar Roma, waɗanda bishop ɗinsu bai daɗe da mutuwa ba, suka aiko wa dattawan Kartaj wasiƙa suna tuna musu da bambancin makiyayi mai kyau da ɗan ƙodago wanda yake tserewa in ya hango kyarkeci (Yahaya 10:11-13). Ba su kira Sifiriyan ɗan ƙodago a fili ba, amma ba wanda ya kasa gane inda habaicin ya nufa. Wasiƙar ta faɗa hannunsa, ya mayar musu da ita yana tambaya ko da gaske daga wurinsu ta fito.

Zargin yana da tushe a cikin ikilisiyar Kartaj kanta. Kusan shekara 40 kafin haka, Tartuliyan, babban marubucin birnin, ya rubuta littafi sukutum a kan gudu a lokacin tsanani. Hujjarsa ita ce tsanani ba ya zuwa sai da yardar Allah, saboda haka mai gudu yana guje wa nufin Allah ne, yana kuma nuna bai gaskata Allah zai iya tsare shi a inda yake ba. Umarnin Yesu na a gudu daga wannan gari zuwa wancan (Matiyu 10:23), in ji shi, na manzanni ne kaɗai a zamaninsu. An ce Sifiriyan ba ya yini bai karanta Tartuliyan ba, yana ce da shi malaminsa. A wannan magana dai ɗalibi ya saɓa wa malami.

Amsar da Sifiriyan ya ba Roma ba ta da tsawo. Ya ce ya janye ne domin shi ake nema, kasancewarsa a birnin kuwa zai ƙara hura wutar tarzoma a kan 'yan'uwa. Sa'an nan ya haɗa da kwafin wasiƙu 13 da ya aika daga maɓoyarsa, domin su gani da idonsu ko ya yar da aikinsa. Wasiƙun suna nan har yau, abin da ke cikinsu kuma aikin yau da gobe ne. Ya bar kuɗinsa a hannun dattijo Rogatiyanus domin gwauraye da marasa lafiya da baƙi. Ya ce a riƙa ziyartar 'yan kurkuku da hankali, kada a je da yawa a lokaci ɗaya, dattawa kuma su riƙa canja juna don kada masu gadi su gane fuskokinsu su rufe ƙofa. Ya ce a rubuta ranar mutuwar duk wanda ya cika a ɗaure, a kuma kula da gawarsa. Da dattawan Roma suka karanta, sai suka sauko suka mara masa baya.

Daga baya ya bayyana tunaninsa sosai a littafinsa game da waɗanda suka faɗi. Rawanin shahada, in ji shi, kyauta ce daga Allah, ba mai karɓarta sai sa'arta ta yi. Wanda ya janye yana riƙe da Almasihu bai yi musun bangaskiya ba, jiran lokaci yake yi, barin gida da dukiya saboda sunan Ubangiji kuwa shi ma shaida ne. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Wa ya fi kusa da Nassi, Tartuliyan ko Sifiriyan? Mu fara da Yesu kansa. Yana jariri Yusufu ya gudu da shi Masar da dare, bisa ga umarnin mala'ika (Matiyu 2:13-15). A lokacin hidimarsa ya ƙi zagawa a Yahudiya domin ana neman ransa (Yahaya 7:1), ya ɓuya sa'ad da aka ɗebi duwatsu (8:59), ya kuma koma wani gari kusa da jeji sa'ad da majalisa ta ƙulla kashe shi (11:53-54). Amma a daren da aka bashe shi, shi ne ya fito ya tari masu kamun, ya faɗi ko shi wane ne, ya nemi a ƙyale almajiransa su tafi (18:4-8). Bulus ma an zurara shi cikin kwando ta garun Dimashƙu (Ayyukan Manzanni 9:23-25), shi ne kuma ya nufi Urushalima bayan annabi Agabus ya faɗa masa ɗaurin da ke jiransa, 'yan'uwa suna kuka suna roƙonsa kada ya je (21:10-14). Rayuwar Sifiriyan ta bi wannan sawu.

Nassi kuma bai yi wa mai gudu alkawarin tsira ba, bai yi wa mai tsayawa alkawarin mutuwa ba. A sura ta 26 ta littafin Irmiya akwai annabawa biyu masu saƙo ɗaya a zamanin sarki Yehoyakim. Uriya ya tsere zuwa Masar, sarki ya aika aka kamo shi aka kashe shi. Irmiya ya tsaya a Haikali ya faɗi maganarsa, Ahikam ɗan Shafan ya tsaya masa, ya rayu. A Ayyukan Manzanni 12, Hirudus Agaribas ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, a aya ta gaba kuma ya kama Bitrus, mala'ika ya fitar da shi daga kurkuku. Luka bai ce Yakubu ya gaza Bitrus bangaskiya ba. Mu lura kuma da abin da Bitrus ya yi bayan wannan mu'ujiza: ya gaisa da 'yan'uwa a gidan Maryamu, ya bar saƙo, ya tafi wani wuri (12:17). Bai koma ƙofar kurkuku ya ce a sake gwadawa ba.

Zabura 91 ce aka fi riƙewa a lokacin tsoro, da gaskiya kuwa, gama tana cike da alkawarin mafaka. Sai dai ita ce Iblis ya ɗauko ya karanta wa Yesu a kan ƙololuwar Haikali, yana so ya sa shi ya yi tsalle don ya tilasta wa Allah ya cika alkawari. Yesu ya kira wannan gwada Allah (Matiyu 4:5-7). Samarin nan uku na littafin Daniyel sun ba sarki Nebukadnezzar amsa mai gaɓa biyu: Allahnsu yana da ikon cetonsu daga tanderu, in ma bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba (Daniyel 3:16-18). Marubucin Ibraniyawa ya jera waɗanda suka tsere wa kaifin takobi ta wurin bangaskiya, ya ci gaba a numfashi guda da waɗanda aka kashe da takobi, ya ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida (11:32-39). A Luka 21:16-18 Yesu ya faɗa wa almajiransa cewa za a kashe waɗansunsu, nan take kuma ya ce ko gashin kansu ɗaya ba zai hallaka ba. Ba za a iya riƙe maganganun nan biyu tare ba sai an yarda cewa abin da Allah ya ɗauki alkawarin tsarewa ya wuce numfashin da ke cikin ƙirji. Abin da Bulus ya gane ke nan sa'ad da ya rubuta wa Timoti cewa lokacin ƙaurarsa ya yi, a sura ɗaya kuma ya ce Ubangiji zai kuɓutar da shi daga kowane mugun abu ya kai shi mulkinsa na Sama lafiya (2 Timoti 4:6, 18).

Numidikus, da waɗanda suka faɗi, da annoba

A cikin wasiƙun Sifiriyan akwai labarin wani mutum mai suna Numidikus, wanda ya ƙarfafa masu bi da yawa suka tsaya har mutuwa. A kan idonsa aka ƙone matarsa tare da waɗansu. Shi ma wuta ta cinye rabin jikinsa, aka jajjefe shi da duwatsu, aka bar shi a kan ya mutu. 'Yarsa ta zo neman gawar mahaifinta don ta binne, sai ta tarar da sauran numfashi, ta jawo shi ta yi jinyarsa har ya farfaɗo. Sifiriyan ya sa shi cikin dattawan ikilisiyar Kartaj, yana cewa Ubangiji ya bar shi ne domin ya cike gurbin dattawan da suka faɗi. Miji da mata sun tsaya a wuri ɗaya saboda suna ɗaya, ɗaya ya tafi ɗaya ya saura, Sifiriyan kuma ya ga hannun Allah a kan dukansu biyu.

Ya koma Kartaj bayan Idin Tashin Almasihu na 251. A watan Yunin shekarar Desiyus ya mutu a yaƙi da Gotawa a Abritus, cikin ƙasar Bulgeriya ta yau. Ikilisiyar da ya tarar a rarrabe take. Waɗansu da suka sha ɗauri suna raba takardun gafara ga duk wanda ya roƙa, tsofaffin abokan hamayyarsa kuma suna goyon bayansu. A Roma kuwa Nobatiyan da mutanensa sun ce wanda ya yi hadaya ba shi da sauran hanyar komowa. Taron bishop na 251 a Kartaj ya bi tsakiya: a duba kowane mutum da halinsa, waɗanda suka sayi takarda a karɓe su bayan tuba, waɗanda suka yi hadaya su ci gaba da tuba, a karɓe su in mutuwa ta gabato. Ba a daɗe ba aka ji ƙishin-ƙishin wani sabon tsanani, sai wani taron ya buɗe ƙofa ga dukan masu tuba. Dalilin da suka bayar abin lura ne: ba za a tura mutum fagen fama a hana shi Jibin Ubangiji ba, gama a ganinsu wannan ne garkuwar da ikilisiya take da ita ta ba 'ya'yanta.

Wajen 252 wata muguwar annoba da ke yawo a daular ta iso Kartaj. Fontiyus ya ce mutane suna gudun 'yan'uwansu, gawawwaki suna zube a tituna. Masu bi da yawa suka rikice da suka ga cutar tana ɗaukar Kirista kamar yadda take ɗaukar mai bautar gumaka. Sifiriyan ya amsa musu a wani ɗan littafi game da mutuwa. Ya ce muddin muna cikin wannan jiki, abin da ya sami 'yan Adam zai same mu: in fari ya zo yunwa ba ta tsame kowa, in jirgi ya fashe a kan duwatsu duk wanda ke ciki ya shiga ruwa. Mai bi bai ba da gaskiya domin ya kuɓuta daga wahalar duniya ba. Sa'an nan ya tara jama'arsa ya ce su yi jinyar marasa lafiya su binne matattu, har da na waɗanda suka tsananta musu shekara biyu da suka wuce. A wannan karon bai bar birnin ba. A shekarun nan ne kuma labari ya zo cewa mahara sun kwashe Kirista a Numidiya, ikilisiyar Kartaj ta tara kuɗin Roma sestarti 100,000 ta aika domin fansarsu. Kariyar Allah ta iso wa waɗannan kamammu ta hannun 'yan'uwan da suka buɗe jakarsu.

Sa'ar da ta yi

A 257 sarki Baleriyan ya hana taron Kirista da shiga makabartunsu, ya umarci shugabannin ikilisiya su girmama allolin Roma. Ranar 30 ga Agusta aka gurfanar da Sifiriyan gaban gwamna Asfasiyus Faternus. Ya amsa cewa shi Kirista ne, bishop kuma. Da aka nemi sunayen dattawan ikilisiya sai ya ƙi, ya tuna wa gwamnan cewa dokar Roma kanta ta hana tsegumi, ya ƙara da cewa koyarwar ikilisiya ba ta yarda kowa ya kai kansa ba, amma in an neme su za a same su. Aka kore shi zuwa Kurubis, garin da ake kira Korba a Tunisiya ta yau. Daga can ya riƙa aika taimako da wasiƙu ga masu bin da aka tura aikin haƙar ma'adinai a Numidiya.

A 258 doka ta ƙara tsanani: bishop da dattijo da dikon, duk wanda aka kama a kashe shi nan take. Ranar 6 ga Agusta aka kashe Sistus, bishop na Roma, tare da dikon huɗu a wata makabarta. Sifiriyan, wanda aka riga aka dawo da shi Kartaj yana zaune a lambunsa, ya sami labarin. A lokacin ne abokansa suka roƙe shi ya tsere ya ƙi. Me ya bambanta 258 da 250? A karo na fari sabon bishop ne, ikilisiya tana wargajewa, kasancewarsa kuma haɗari ce ga waɗansu. Yanzu ya shekara takwas yana gaya wa mutane su tsaya, ya karɓi waɗanda suka faɗi domin su iya tsayawa a karo na biyu, dokar kuma kan shugabanni take nema. Abin da garken yake bukata daga makiyayinsa ya sāke.

Duk da haka ya sake ɓuya na 'yan kwanaki. Sabon gwamna, Galeriyus Maksimus, yana garin Utika, ya aika a kawo shi can. Sifiriyan ya kauce, ya rubuta wa jama'arsa wasiƙarsa ta ƙarshe yana bayyana dalili: ya dace bishop ya ba da shaidarsa a birnin da yake kiwon garke, a gaban mutanensa. A cikin wasiƙar ya gargaɗe su kada kowa ya ta da hargitsi, kada kuma kowa ya miƙa kansa ga hukuma, amma wanda aka kama ya yi magana, gama Ubangiji zai ba shi abin faɗa a wannan sa'a.

Da gwamna ya dawo Kartaj, Sifiriyan ya koma lambunsa. Ranar 13 ga Satumba aka zo aka ɗauke shi. Masu bi suka kwana a ƙofar gidan da aka tsare shi, shi kuwa ya aiko da saƙo a kula da 'yan matan da ke cikin taron. Kashegari gwamna ya umarce shi ya yi hadaya, ya ƙi. Ya ce masa ya sake tunani, ya amsa cewa a al'amari mai gaskiya irin wannan ba abin da za a sake tunani, gwamna ya yi abin da aka umarce shi. Da aka karanta hukuncin takobi, ya yi godiya ga Allah. A wurin kisa ya tuɓe mayafinsa, ya durƙusa ya yi addu'a, ya ce a ba haunin tsabar zinariya 25, ya ɗaure idanunsa da hannunsa. Da dare masu bi suka ɗauki gawarsa da fitilu suka binne. Shekara biyu bayan haka Shafur sarkin Farisa ya kama Baleriyan a yaƙi, ɗansa Galiyenus ya dakatar da tsananin ya mayar wa ikilisiya wuraren sujadarta da makabartunta, aka sami lafiya ta kusan shekara 40 kafin babban tsanani na 303.

Abin da ya rage mana

Ikilisiyar Afirka ta Arewa ta sake fuskantar tambayar a 429, sa'ad da Bandalawa suka ƙetaro daga Sifen. Wani bishop mai suna Honoratus ya tambayi Agustin na Hifo ko shugabanni suna iya gudu. Agustin ya amsa cewa in shugaba ake farauta shi kaɗai, akwai kuma waɗanda za su ci gaba da hidima, yana iya kaucewa kamar Bulus a Dimashƙu. In jama'a duka sun tashi, ya tafi tare da su. Amma in akwai waɗanda suka rage suna bukatar hidimarsa, kada ya bar su. Shi kansa ya zauna a Hifo, ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, birnin yana kewaye da abokan gaba. Ma'aunin da ya bayar shi ne wanda Sifiriyan ya rayu a kai: wa zai amfana da tafiyata, wa kuma zai cutu?

Maganar nan ba ta tsufa ba. Waɗanda suka ga ƙona majami'u a Damagaram da Yamai ranakun 16 da 17 ga Janairu, 2015, da waɗanda suka bar garuruwansu a kewayen Tafkin Chadi, Kirista da Musulmi, sun yanke irin wannan shawara cikin 'yan mintoci, da yara a hannu. Bayan ƙura ta lafa, sau da yawa wanda ya zauna yakan dubi wanda ya gudu da raini, wanda ya gudu kuma yakan ɗauki kunyar da ba tasa ba. Tarihin Kartaj ya hana mu wannan hukunci. Ya kuma hana mu gaya wa gwauruwa cewa da mijinta ya fi haka bangaskiya da yana raye, gama sai mu faɗi haka a kan Yakubu da Uriya da matar Numidikus.

Abin da Sifiriyan ya ji tsoro a 250 shi ne abin da ya faru a gaban bagadin gumaka, inda mutane suka tsira da rai da gona da takarda a hannu, suka koma gida sun yi musun Ubangijinsu. Daga wannan ne ya roƙi Allah ya tsare jama'arsa, daga wannan kuma aka tsare shi, a maɓoyarsa da kuma a gaban gwamna. Ubangiji ya ba mu hikimar gane sa'ar da muke ciki, ya ba mu zuciyar tsaya wa juna ko mun tafi ko mun zauna, ya kuma riƙe mu cikin sunansa har ƙarshe. Amin.